Wancan na Ɗakin 'Yardada

Hashim taubashina ne. Babansa, Malam Ɗantani baduku, wan mahaifiyata ne, saboda haka tun muna wasan ƙasa nake da damar faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma ban taɓa raga masa ba. Ɗaki ɗaya muka tashi, ɗakin kakarmu 'Yardada, a wani tsohon gidan ƙasa da ke Jakara, bayan Kasuwar Kurmi. Ni maraici ne ya kai ni ɗakin, uwata ta rasu ina da shekara biyu. Shi kuwa uwarsa, Inna Uwani, tana nan da ranta, taku goma ne tsakanin ɗakinta da namu. Laifinsa ɗaya, shi ne ɗan fari. Ranar da aka yaye shi 'Yardada ta saɓe shi a kafaɗa ta shige ɗaki, daga nan ya zama nata.

Wanda bai tashi a cikin birni ba zai ɗauka ƙiyayya ce, alhali kunya ce. Inna Uwani ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", in ta so a gane sosai ta ce "wancan na ɗakin 'Yardada". In ya faɗi ya fasa baki, sai ta ɗauke kai ta ci gaba da tankaɗenta, tsohuwa ce za ta fito tana salati. Shi ma Yaya yake ce mata, kamar wata yayarsa. Matan unguwa har misali suke yi da ita, suna cewa Uwani akwai kara.

Al'adar tana da ɓari biyu, kuma kowa ya san nasa. In baƙuwa ta yaba Hashim, Inna Uwani za ta taɓe baki ta ce, "Wa? Wancan? Me ya iya ban da cin tuwo?" Kafin ta rufe baki 'Yardada ta leƙo daga ƙofarta: "Ƙarya kike, Uwani. Maigidana ya fi 'ya'yan kowa a Jakara, wadda ba ta yarda ba ta zo mu buga." Sai a kwashe da dariya. Uwa ta kushe don kunya da gudun bakin mutane, kaka ta ɗaga, yaro ya tashi ba abin da ya same shi.

Hashim kuwa tun yana ƙarami mai ɗaukar abu da nauyi ne. Sau uku zai buɗe jakar makaranta ya duba ko fensirinsa yana nan. In Kawu Ɗantani ya ba shi fata ya yanka a rumfa, sai ya auna ya sake aunawa har Kawu ya ƙosa ya karɓe wuƙar. Ni nakan ce masa da za a ba shi riƙon sararin sama, da kullum yana tsaye yana duba ko za ta faɗo. Maganinsa ɗaya ne a duniya. Bayan la'asar 'Yardada takan miƙe ƙafa a bakin ƙofarta tana kaɗi, shi kuma ya zauna dab da ƙafafunta ya yi ta zuba: malamin da ya harare shi, lissafin da ya ƙi fita, mafarkin da ya yi. Ba ta ba shi shawara, rabin abin ma ba ganewa take ba. In ya yi shiru sai ta ce, "Ka sauke?" Ya ce, "Na sauke." Ta ce, "To tashi ka ba ni wuri, ka tare min iska."

Da haka ya gama firamare, ya gama sakandare, ya samu jami'a yana karanta Kemistiri. A lungunmu shi ne na farko. Dattawan da ke zama a dakalin ƙofar gida suka sa masa Furofesa, kowace safiya sai ya tsuguna ya gaishe su sun tambaye shi saura shekara nawa. Ni a lokacin aurena na fari ya mutu, na dawo gida ina zawarci ina ɗinkin hula, don haka komai a kan idona aka yi.

'Yardada ta rasu yana aji uku, 'yan watanni kafin soja su miƙa mulki. Kwana biyu ta yi tana zazzaɓi, a na uku ta cika. Hashim bai yi kuka a gaban mutane ba, har aka yi ta yaba dauriyarsa.

Ranar sadakar arba'in tsakar gida cike da mata ana rabon gumba. Wata maƙwabciyarmu, Hajiya Gambo, ta dubi Inna Uwani ta ce, "Ke dai Uwani kin haifi ɗa. Tsohuwa ta tafi ta bar miki ɗan jami'a, saura kaɗan ki huta."

Inna ta yi yadda ta saba shekara ashirin da uku. Ta ce, "Wa? Wancan? Ɓata takalmi kawai yake yi. Me zai iya? In ya gama kya gani."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai dai wannan karon ba wanda ya leƙo daga ƙofar 'Yardada. Maganar ta tsaya a tsakar gida ba mai mayar da ita. Da na juya sai na ga Hashim a gindin randa riƙe da moɗa, bai sha ruwan ba ya mayar ya fita. Ni ce ya kamata in amsa a madadin tsohuwa, ni na tashi a ɗakinta, na san kalmomin kamar Fatiha. Ban yi ba, kuma har yau abin yana ci na.

Daga nan ya fara lalacewa. Yajin aikin malamai ya riga ya cinye musu watanni, da aka koma aka cusa musu karatun zango guda a 'yan makonni. Ya daina cin abinci, wuyansa ya zama kamar mariƙin lema. Da safe zan gan shi idanu jawur, littafi a buɗe a shafin da na bar shi jiya. In na tsokane shi, wanda da sai ya rama, yanzu sai ya yi min murmushin da ya fi kuka ciwo. Kullum da safe akwai kwanon kunun tsamiya a ƙofar ɗakin 'Yardada, inda ya ci gaba da kwana. Inna ce take damawa ta ajiye, sannan ta ɗaga murya ta ce wa iska, "A ɗauke kwanon nan kada kaji su sa baki." Shi duk zatonsa ni ce mai damawa. Kwanon yakan dawo yadda ya je, ita kuma ta zubar.

Ranar da aka rantsar da gwamnatin farar hula, dattawan dakali sun kewaye rediyo, kowa yana lissafin alherin da zai zo. Ɗaya ya hango Hashim ya ce, "Furofesa, lokacinku ne ya zo, ku 'yan boko za a ba ƙasa." Ya ce Allah ya sa, ya shige. Ashe a makon ne aka kafe sakamako a allon sanarwa, ya faɗi darussa uku, an rubuta masa gargaɗi. In ya sake faɗuwa a jarrabawa mai zuwa kora ce. Ba wanda ya sani a gidan.

Yadda na sani, wata Talata ce na kai huluna Gwale wajen mai saye. Da hantsi, lokacin da ya kamata yana aji, sai ga mutumina zaune a inuwar wani ƙaramin masallaci, jaka a cinya, ya zuba wa bango ido.

Na ce, "Furofesa, jami'ar ce aka dawo da ita Gwale ba a sanar a rediyo ba?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Luba, zauna."

Na tsuguna gefe. Ya miƙo min hannunsa, tafin sharkaf da gumi. Ya ce kwana tara ke nan yana fitowa daga gida ya hau hayis, in an kusa ƙofar makaranta sai ƙirjinsa ya ɗau bugu, numfashi ya ƙi shiga, ya ji kamar ransa ne zai fita. Sai ya sauka ya tako da ƙafa ya zo nan ya zauna har azahar. Ya ce a jarrabawar da ta wuce ya san amsoshin, da bakinsa ya koya wa abokansa su. Amma da aka ajiye masa takarda sai kansa ya zama fayau, ba abin da yake ji sai murya ɗaya.

Na ce, "Muryar wa? Ka ce min aljanu ne in gudu tun yanzu."

Ya ce, "Ta Yaya. Me zai iya, in ya gama kya gani."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai wane irin sakarai ne? Yau ka fara jin wannan? Kunya ce, kowace uwa haka take yi."

Ya ce, "Na sani, Luba. Kaina ya sani. Amma da can in ta faɗa akwai mai ƙaryata ta. Kuma ke gaya min, in ba haka ne a ranta ba, yaushe ta taɓa faɗin wani abu daban? Ko sau ɗaya?"



Washegari na tasa shi gaba har asibitin makarantarsu. Likita ya auna shi, aka ɗebi jini, aka ce ba taifot ba maleriya. Likitan, wani mai sanyin magana, ya ce damuwa ce da fargaba, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo, ɗalibai da yawa suna zuwa da shi. Ya koya masa yadda zai ja numfashi a hankali ya riƙe ya saki in abin ya taso, ya ce ya rage shayi, ya riƙa tattaki da yamma, ya raba karatun kaɗan-kaɗan tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ya ce lallai ya samu wanda zai riƙa faɗa wa abin da ke ransa. A hanya Hashim ya ce min, "Wadda nake faɗa wa tana maƙabarta."

Na kai wa Kawu maganar a rumfarsa, ban dai ambaci kora ba. Ya ajiye basilla ya dube ni ya ce, "Damuwa? Mata nawa gare shi? 'Ya'ya nawa yake ciyarwa?" Amma da yamma ya dawo da rubutu a kwalba ya ce a ba yaron nan ya sha, ya shafe fuska. Hashim ya sha. Ya yi numfashin likita, ya yi tattakin, har ya koma aji yana zama a kujerar baya kusa da ƙofa. An samu sauƙi kaɗan, amma da jarrabawa ta matso sai komai ya dawo sabo.

Ana jibi za a fara, na samu Inna Uwani ita kaɗai a madafi tana tuƙa tuwo. Na ce, "Inna, magana zan yi, in kin ga dama ki mare ni."

Ta ce, "Bakinki ai ba ya neman izini."

Na zayyana mata komai: gargaɗin, masallacin Gwale, bugun ƙirjin da ke hana shi numfashi, da maganarta ta ranar arba'in da take bin sa har ɗakin jarrabawa. Muciyar ta tsaya. Na ce, "Ki kira shi ki yi masa magana, Inna. Minti biyar."

Ta ce, "Ke Luba ba ki da ta ido. In zauna da wancan ina hira kamar wata 'yar bariki? Me za a ce da ni a Jakara? Uwata ba ta yi da yayanmu ba, ga shi nan ya yi jikoki."

Na ce, "Shi yayan naku kakarsa ba ta mutu ta bar shi a tsakiyar jarrabawa ba. Kunyar nan ɗanki za ta ci."

Ta ce, "Fitar min daga madafi."

Na fita ina huci. A daren tuwon ya yi gudaji, abin da ban taɓa gani a hannunta ba.

Ranar jarrabawa ƙarfe tara za a shiga. Bakwai da rabi Hashim ya fito tsaf da jakarsa, ya tsallake kwanon kunu, ya shiga soro. Na ji shiru ban ji gaisuwarsa da dattawan dakali ba, sai na bi shi. Yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, rigarsa ta jiƙe, bakinsa a buɗe yana neman iska. Kawu na kan buzunsa bai fita kasuwa ba tukuna, ya rasa yadda zai yi, sai cewa yake, "A tashi mana, a yi ta maza." Na ce ya yi numfashin likita, ya gwada ya kasa. Ya ce, "Luba, ƙafafuna ba sa ɗauka ta. Shi ke nan, a kore ni kawai kowa ya huta." Agogon hannunsa ya nuna takwas saura kwata, ga hanya da nisa.

Sai na ji takun mutum a bayana. Inna Uwani ce, ba mayafi, hannunta duk ƙullun kunu. Tun da aka kawo ta gidan ban taɓa jin ta tako soro da rana haka ba, ga maza a dakali suna jin komai. 

Ta ce, "Hashimu."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. A bakinta sunan ya fito wani iri, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Hirar dakali ta ɗauke ɗif. Shi kuwa ya ɗago yana dube-dube, bai gane daga inda aka kira shi ba.

Ta ce, "Ni ce. Abin da ka ji na faɗa ranar arba'in ƙarya nake yi. Duk wanda na taɓa faɗa a kanka ƙarya ne. Tsohuwa ce mai gaskiya." Idonta yana kan bango. "Ka ci ko ka faɗi, ni na haife ka, kuma tuwonka yana gidan nan."

Daga nan ta zauna a ƙasan soron ta miƙe ƙafafunta, daidai yadda 'Yardada take yi, ta ce, "Faɗi, ina ji."

Kawu ya naɗe buzunsa ya fita, na ji yana sallamar dattawan dakali. Hashim ya fara magana, da fari a sarƙe, sannan ta ɓalle. Ya faɗi allon sanarwa, ya faɗi Gwale, ya faɗi yadda yake jin kunyar tsugunawa a kira shi Furofesa, ya faɗi kewar tsohuwa. A nan ne ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ba ta taɓa shi ba, ba ta ba shi shawara ba. Da ya yi shiru ta ce, "Ka sauke?"

Ni da shi muka dube ta a tare. Ashe duk shekarun nan tana bakin ƙofarta da faifai a hannu, taku goma tsakani, ba abin da ya wuce kunnenta.

Ya ce, "Na sauke, Yaya."

Ta ce, "To tashi ka ba ni wuri."

Acaɓa ya hau, ya isa an riga an raba takardu. Tambaya uku ya amsa cikin biyar. Da sakamako ya fito ya tsallake kora da ƙyar, amma sai da ya ƙara shekara guda kafin ya gama. Ba zan ce ya warke ba. Yanzu malami ne a wata sakandare a Gwale, yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma har yau in an ce masu duba makarantu za su zo, ƙirjinsa yakan ɗau bugu, sai ya fita bayan aji ya yi numfashinsa. Ɗalibansa sun ce ranar jarrabawa yakan tsaya a ƙofa ya kira kowa da sunansa kafin ya shiga.

Inna Uwani kuwa ta sha surutu. Mako guda ana yi da ita a Jakara, wai ta fito soro ba mayafi tana kiran sunan ɗan fari kamar ba 'yar mutunci ba.  Tun washegarin jarrabawar ta koma "wancan", kuma har ta koma ga Allah shekara goma sha ɗaya bayan haka ba ta sake faɗin sunan ba. Sai dai duk ranar da aka yaba shi ta taɓe baki, ni nake leƙowa in ce ƙarya take yi.

Bayan an kai ta, muna zaune a soron nan ni da shi, na tambaye shi abin da na daɗe ina son sani, ko muryar ta bar shi a ranar jarrabawar.

Ya ce, "Ina fa. Ina kai tambaya ta biyu ta dawo, me zai iya. Sai dai wannan karon akwai wata a gefenta tana cewa Hashimu. Duka biyun nata ne, Luba. Har yau haka nake fama, kowace safiya sai na zaɓi wadda zan saurara."

Na ce, "Yau fa?"

Ya dubi wurin da ta zauna a ƙasa ya ce, "Sau ɗaya ta faɗa. Tsorona kada in manta yadda ta faɗe shi."